Yanda za ka koya wa yara yawan mutanen duniya da gero, igiya da ramukan dara

Malamai 'yan uwana, da iyayen da ke zama da yara bayan isha'i su duba musu littafi, wannan rubutun naku ne. Ni dai lissafi nake koyarwa a aji biyar da shida na firamare a nan cikin garin Katsina, kuma abun da ya daɗe yana damuna shi ne yaro zai rubuta maka 8,000,000,000 daidai, sifili tara cif, ka ce mishi wannan nawa ne ya ce biliyan takwas, amma in ka tambaye shi tsakanin miliyan da biliyan tazarar nawa ce sai ya tsaya yana kallonka, don a wurinsa duk sunan "da yawa" ne kawai. Ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen duniya sun cika biliyan 8, an faɗa a rediyo, yaran sun ji, amma lambar ba ta shige su ba. Toh ga yanda nake bi da su har lambar ta zama abun da suka taɓa da hannu. Yana cin kamar sati biyu in ana yi kaɗan kaɗan.

Kayan da za ka nema ba su da tsada: gero rabin tiya, murafen kwalbar lemo kamar guda goma, igiya mai tsawon mita 11, tef irin na tela ko na magina, alli, sai 'yan ƙyallaye na ɗaurewa. Kalkuletar waya ma tana da amfani amma sai can gaba, kar ka fito da ita ranar farko.

Mataki na farko: su san girman biliyan

Kar ka fara da maganar mutane tukuna, fara da agogo. Sa su fitar da sakan nawa ne a kwana ɗaya, 60 sau 60 sau 24, za su samu 86,400. Sai ka ce toh in mutum zai ƙirga miliyan ɗaya, lamba ɗaya duk sakan ɗaya, ba ci ba sha ba barci, kwana nawa zai yi? Su raba 1,000,000 da 86,400, ya ba su kwana 11 da rabi da 'yan kai. Kafin su taɓa biliyan sai ka ce kowa ya rubuta hasashensa a bayan littafi, yawancinsu wata ɗaya suke rubutawa, mai ƙarfin hali ya ce shekara ɗaya. In suka yi rabawar sai su ga kwana 11,574, a raba da 365 ya zama shekara 31 da wata takwas ko kusa da haka. A nan ajin yake yin tsit. Biliyan 8 kuwa shekara 253 ne da ɗoriya, wato da a ce wani ya gama ƙirga mutanen duniya ɗaya bayan ɗaya a 2022, to tun wajen 1769 ya fara, lokacin Shehu Usman Ɗanfodiyo yana saurayi ɗan shekara goma sha biyar.

Washegari ka kawo geron. Raba su rukuni rukuni, kowane rukuni ya cika murfin kwalba ɗaya ya ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Amsoshin ba za su zo ɗaya ba kuma hakan ma alheri ne, sai ka tara amsoshin ka raba da yawan rukunin, ka ga sun koyi fitar da matsakaici ba tare da ka yi dogon bayani ba. Daga nan su auna murfi nawa ke cika kofi, kofi nawa ke cika tiya, tiya nawa ke cika buhu, su yi ta sau har su gano buhu nawa ake buƙata kafin a samu ƙwaya biliyan ɗaya. Bana ba su amsar wannan, geron da ke gabansu shi ke ba su.

Mataki na biyu: igiyar tarihi

Wannan shi na fi so, kuma in lokaci ya ƙure maka ka bar komai ka yi shi. Rubuta musu shekarun da duniya ta cika kowane biliyan, amma kowace shekara ka haɗa ta da abun da suka sani na gida, don shekara tsurarta ba ta zama a kan yaro.

Biliyan 1 wajen 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu aka fara jihadi. Biliyan 2 a 1927, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Kwalejin Katsina tana sabuwa a lokacin. Biliyan 3 a 1960, shekarar 'yancin kai, Sarki Usman Nagogo na kan gado. Biliyan 4 a 1974, ana fama da raɗaɗin babban farin nan da kakanninsu ke ba da labari, naira kuma shekararta ɗaya da fitowa. Biliyan 5 a 1987, shekarar da aka cire jihar Katsina daga Kaduna ranar 23 ga Satumba. Biliyan 6 a 1999, da aka dawo mulkin farar hula marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya zama gwamna. Biliyan 7 a 2011, biliyan 8 a 2022.

Yanzu su yi ɗebewa su fitar da tazarar da ke tsakani: 123, 33, 14, 13, 12, 12, 11. Sai ku fita fili da igiyar, ka ce kowace shekara ɗaya santimita 5 ce, su yi sau, za su samu 615, 165, 70, 65, 60, 60, 55. A auna da tef a ɗaura ƙyalle a kowane wuri, yaro ɗaya ya tsaya a kan kowane ƙyalle riƙe da takarda mai lambar biliyan ɗinsa. Abun da za ka gani shi ne yaron 1804 yana can shi kaɗai kusa da katanga, tsakaninsa da na gaba fiye da mita 6, su kuma na ƙarshen sun cunkushe kafaɗa na gugar kafaɗa. Wata yarinya da na sa a biliyan 1 ta ɗaga murya daga can ta ce "Malam ni me ya sa aka bar ni ni kaɗai, su kuma ga su can sun matse?" Wallahi tambayar da nake jira ke nan, na ce ta riƙe ta, amsar tana mataki na huɗu.

Kafin ku koma aji ka ƙara ƙyalle ɗaya. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne za a kai biliyan 9 wajen 2037, shekara 15 ke nan, santimita 75, igiyar ba za ta kai ba sai ka ja layi a ƙasa. Su lura da kansu cewa tazarar ta fara buɗewa bayan ta daɗe tana tsukewa. Kar ka yi bayani da yawa a nan, su dai gani.

Mataki na uku: ƙari daban, ninki daban

Ku tona ramuka a ƙasa irin na dara, layi 5 kowane layi rami 6, talatin ke nan. Ka ce ga zaɓi biyu. Na farko, kowane rami za a zuba maka ƙwayar gero 1,000. Na biyu, ramin farko ƙwaya 1, na biyu 2, na uku 4, kowane rami ninkin na bayansa. Wa ke son wanne? Kusan duk ajin za su ruga wurin dubu dubu, kuma kar ka hana su. Su lissafa nasu, 30,000. Sai a fara zuba na ninki da gero na gaske, 1, 2, 4, 8, 16, 32, layin farko ya ƙare ana ta dariya don ko cikin cokali bai yi ba. A rami na 10 an kai 512, na 11 ya zama 1,024, ya wuce dubun ke nan, daga nan ƙirga da hannu ya gagara sai a koma littafi. Rami na 21 ya haura miliyan, 1,048,576. Rami na 30 shi kaɗai 536,870,912, in aka tara duka ramukan 1,073,741,823, sama da biliyan ɗaya daga ƙwaya guda. A nan ne zaka bar su su duba da kalkuleta, don ba sa yarda da amsar da suka fitar da kansu.

Ina yawan gaya musu a daidai nan cewa wasa da lambobi a cikin ramuka ko gidajen zane irin wannan ba baƙon abu ba ne a garin nan, akwai malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci kan lissafin hatimi, wato jera lambobi a gidajen zane ta yanda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Sai ka ga sun gyara zama.

Amma dan Allah ka faɗa musu ƙarara cewa mutane ba sa ninkawa rami rami kamar gero, misali ne kawai na yanda ninki yake. Koma kan igiyar su nemo ninkin gaske: daga biliyan 1 zuwa 2 shekara 123, daga 2 zuwa 4 shekara 47, daga 4 zuwa 8 shekara 48.

Mataki na huɗu: daga ina ƙarin yake zuwa

Nan ne zuciyar darasin kuma nan ne malamai da yawa ke kuskure, sai su ce wa yara ai mutane ne suka ƙara haihuwa. Ba haka ba ne. A duniya gaba ɗaya haihuwa raguwa ma ta yi, a shekarun 1960 mace ɗaya tana haifar kusan 'ya'ya 5 a matsakaici, yanzu bai kai 2 da rabi ba. Abun da ya canza shi ne mutuwa ta ragu, musamman ta ƙananan yara. A 1990 cikin yara 1,000 da aka haifa a duniya sama da 90 ba sa kai shekara biyar, yanzu adadin ya sauko ƙasa da 40. Matsakaicin tsawon rai a 1950 bai kai shekara 50 ba, yanzu ya haura 70. Agana da ta riƙa share gari an kawar da ita daga duniya, an sanar a 1980, ga rigakafin ƙyanda, ga ruwa mai tsabta, ga maganin zazzaɓi, ga takin zamani da ya ƙara abinci. Duk da ikon Allah, amma waɗannan su ne sababai.

Yanda za ka mai da shi lissafi: zana ƙauye a allo, ka ce mutum 1,000 ne a ciki, kuma ka faɗa musu ƙauyen misali ne. A zamanin da, a shekara an haifi 45 an rasa 40, ƙari 5. A zamanin yanzu an haifi 40 an rasa 10, ƙari 30. Tambaye su a wane zamani aka fi haihuwa, su ce na da. A wane zamani garin ya fi cika, su ce na yanzu. Bar su da wannan na ɗan lokaci su juya shi. Yarinyar nan ta igiya ita ta fara cewa "ashe rayuwa suka yi Malam, ba su mutu ba." Ban ƙara komai a kai ba.

Daga nan sai kashi cikin ɗari. 30 cikin 1,000 kashi 3 ne cikin 100, 5 cikin 1,000 rabin kashi ɗaya ne. Sa su bi ƙauyen shekara shekara da kashi 3: 1,000 ya zama 1,030, sai 1,061, sai 1,093. Kuskuren da za su yi, kuma kusan kowa sai ya yi shi, shi ne su riƙa ƙara 30 duk shekara. Kar ka yi faɗa, ja layi biyu a allo, ɗaya na mai ƙara 30 ɗaya na mai fitar da kashi 3 na sabon adadi. A shekara 10 na farko yana 1,300 na biyu 1,344, kamar ba wani bambanci, amma a shekara 24 na farko 1,720 na biyu ya kai 2,033, garin ya ninka. Waɗanda aka haifa su ma sun girma sun haihu, shi ke nan dalilin.

Sai ka ba su gajeriyar hanya: a raba 70 da kashin ƙaruwa, abun da ya fito shi ne kusan shekarun da za a ɗauka kafin a ninka. Kashi 3, shekara 23 da ɗan abu, ga shi ya yi kusa da abun da suka samu da dogon lissafi. Kashi 2, shekara 35. Kashi 1, shekara 70. Rabin kashi, shekara 140. Yanzu ka gaya musu cewa a shekarun 1960 duniya tana ƙaruwa da kusan kashi 2 ko sama da haka a shekara, yanzu bai kai kashi 1 ba, shi ya sa ƙyallen 2037 ya ɗan matsa gaba, kuma hasashen da aka fitar a 2024 ya ce adadin zai kai ƙololuwa wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080 sannan ya fara raguwa kaɗan kaɗan. Yawan yana hawa amma gudun hawan yana raguwa, kamar mota ce da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, tana tafiya gaba amma ba da gudun ɗazu ba. Yaron da ya raba waɗannan biyun ya fahimci abun da manya da yawa ke cakuɗawa.

Mataki na biyar: aji ya zama duniya

Wannan na rana ɗaya ne kuma yana da daɗi. In ajinka yara 80 ne, wanda a makarantunmu ba abun mamaki ba ne, kowane yaro mutum miliyan 100 ke nan. Indiya yara 14, Sin 14, kuma tun 2023 Indiya ce a gaba. Afirka duka 14 zuwa 15, Turai 7, Amurka 3, Najeriya 2. In yara 40 ne sai kowa ya zama miliyan 200, Najeriya yaro ɗaya. Su tsaya rukuni rukuni a fili, su rubuta kowane rukuni kashi nawa ne na ajin. Suna mamakin ganin ƙasa biyu kawai sun kwashe sama da sulusin aji.

Mataki na shida: dawo da shi gida

Lambobin ƙidayarmu su ne mafi amfani don su ake kawowa a aikin gida. Ƙidayar 1991 ta ba Najeriya 88,992,220, ta 2006 ta ba da 140,431,790. Su ɗebe, 51,439,570, su raba da shekara 15, kusan miliyan 3.4 duk shekara. Jihar Katsina a 2006 mutum 5,801,584, a raba da ƙananan hukumomi 34 ya ba da kusan 170,635 kowace, sai ka tambaye su ko suna ganin Katsina da Funtua da Daura daidai suke da ƙananan da ke ƙauye, nan za su gane matsakaici ba ya nufin kowa haka yake. Faɗin jihar kusan murabba'in kilomita 24,000 ne, a raba mutane da shi a samu kamar 240 a kowane murabba'i, na ƙasa baki ɗaya kuwa, da faɗin 923,768, ya kama 152. Ka tuna musu cewa tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk lambar da suka ji yanzu ta sama da miliyan 200 ƙiyasi ne da aka yi da irin wannan lissafin da suka koya.

Akwai aikin gida da nake bayarwa, yaro ya tambayi kakarsa ko kakansa gidaje nawa ne a layinsu lokacin suna yara, garin ya tsaya a ina, bayan Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya gona ce ko gidaje. Amma ka yi hattara, kar ka ce su je su tambayi 'ya'ya nawa aka haifa nawa suka rasu. Tsofaffinmu da yawa ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya, kuma akwai uwar da za ka fama wa ciwo, akwai maraya a ajinka da ba ka sani ba. A tsaya a kan gidaje, rijiyoyi, masallatai, makarantu.

Sannan maganar iyaye. Wani dattijo ya taɓa samuna a bakin makaranta bayan an tashi, muka gaisa ya ce "Malam, na ji an ce kuna koya musu a rage haihuwa." Na ce "Baba, Allah ya ja kwana, bari ka ga littafin yaron." Na buɗe mishi shafin ƙauyen, ya ga 45 da 40, ya ga 40 da 10, na ce abun da muka koya shi ne yaran da a da ake binnewa yanzu suna rayuwa, sai mu lissafa aji nawa da rijiya nawa za su buƙata. Ya daɗe yana kallon shafin sannan ya ce Allah ya yi albarka. Shi ya sa nake roƙon duk malamin da zai yi wannan darasin, kar ka mai da shi wa'azi, kar ka tsorata yara da cewa duniya za ta cika abinci ya ƙare, kuma kar wani yaro ya ji kunyar cewa su ashirin ne a gidansu. Aikinka lissafi ne.

Tambayoyin ƙarshe da nake ba su na shiri ne. Unguwa tana da ɗalibai 600, ana so kowane aji ya ɗauki 40, aji nawa ake buƙata? 15. In unguwar tana ƙaruwa da kashi 3, bayan kamar shekara 24 ɗalibai sun zama 1,200, aji nawa? 30. Toh aji nawa ya kamata a riƙa ginawa duk shekara takwas don kar a makara? 5. Haka za ka yi da ruwa, gida mai mutum 10 da ke shan jarka 8 mai lita 25 a rana, lita nawa ke nan kowane mutum, in gidan ya zama mutum 15 jarka nawa mai ruwa zai kawo. Haka da gona, hekta 8 a raba wa mutum 4, kowane kaso a sake raba wa 4, sai a ga 2 ta koma rabin hekta, sai ka tambaya buhu nawa rabin hektar za ta bayar kafin ta ciyar da gidan da hekta 2 ke ciyarwa. Amma kar ka kira wannan rabon gado, gado yana da nasa ilimin da nasa malamai, ka ce rabon fili ne kawai.

In ka zo gyara littattafan, ka fi duba hanyar da yaro ya bi a kan amsar ƙarshe, musamman a tambayar ajujuwa. Wanda ya samu 30 ta hanyar ninka 15 ya gane, wanda ya sake raba 1,200 da 40 shi ma daidai ne, wanda kuma ya ƙara 3 a kan 15 ya rubuta 18 to kashi cikin ɗari ne bai zauna mishi ba, ka kira shi gefe ku koma kan ƙauyen mutum 1,000 ku sake bi tare daga shekarar farko.